Hannun da Ya Rage wa Baba

A ƙauyenmu, can gefen garin Babban Mutum, darajar magidanci a bakin kwano ake ganinta. Da an sallame magariba, kowane gida da ke layinmu zai fito da tuwonsa zuwa zaurenmu, dattawa su zauna a tabarma ɗaya, mu samari mu ja gefe da namu kwanon. Ciyayya ke nan. A buɗe kwano a cinye, a jawo na gaba, ana ci ana kushe miyar matan juna ba tare da an kama suna ba. Tun da na yi wayo, hannun da ke fara shiga kwanon dattawa na mahaifina ne. Sai ya yi bismilla ya yanki loma, sannan sauran su miƙa nasu.

Baba dillalin shanu ne, daga Kongolam har Mai'adua babu mai saniyar da bai san muryarsa ba. Mutum ne mai zafi, ni ma shi na gado, ba kuma yabon kai nake ba. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. “Kai” ne sunana, in kuma ransa ya yi fari ya ce “mai ɗinki”, tunda tela ne ni a Daura. Abin da ya fi tsana a duniya shi ne a miƙa masa abu da hagu. Ko goro yaro ya ba shi da hagu, sai ya janye hannu ya bar shi ya faɗi ƙasa, yaron ya durƙusa ya ɗauka ya sake miƙowa yadda ya kamata.

Wata safiya da kaka yana kwance igiyar bijimi a turke, sai aka ga ya zame ya zauna, daga nan ya kwanta. Mutanen gida suka ce iska ce ta buge shi, aka yi ta hayaƙi da tofi har rana ta take. Da na iso a kan babur na tarar bakinsa ya karkace, na yi faɗan da ban taɓa yi a gidan nan ba, na nemo mota muka wuce asibiti a Daura. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jikinsa na dama. A hankali magana ta dawo, tana fita da nauyi. Ƙafa ta yarda ta riƙa binsa da ja in ya dogara sanda. Hannun dama kuwa ya dunƙule a kan cikinsa, ya ƙi jin kira.

Aka mai da shi gida, jinya ta fara, kuma ban taɓa ganin mugunta mai fara'a irin jinyar garinmu ba. Inna, mahaifiyata, ita ke ba shi koko a baki da ludayi, ta goge masa haɓa da gefen zane. In ina gari ni ke kai shi bayan gida in yi masa tsarki, shi yana kallon katanga, ni ina kallon ƙasa. Masu dubiya su cika ɗaki su yi ta tambayar Inna ko ya ci abinci, ko yana gane mutane, alhali ga shi nan zaune yana jinsu. In ya miƙa hannu zai ɗauki kofi sai a yi rige-rigen ɗauko masa, kowa na farautar lada. Wata tsohuwa har cewa ta yi ya gode Allah, ai lokacin hutunsa ne ya zo. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, amma kafin ya harhaɗo amsa ta riga ta sa takalmi.

Baffa, ƙanensa da suke uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya yi shekara da shekaru yana riƙe masa igiya a kasuwa, shi ya karɓi dillancin. Ya kuma karɓi wurin zaman Baba a zaure, jikin bango kusa da ƙofa. Ba wanda ya ce ya yi laifi, ni ma ban ce ba, kwano ba ya jiran mara lafiya. Sai dai bango ɗaya ne tsakanin ɗakin Baba da zauren. Kullum magariba yana jin ƙarar murfin kwano, yana jin muryar Baffa tana bismilla, shi kuma ga Inna a gabansa da ludayi tana cewa ya buɗe baki.

Da rani ya shiga na ɗauko shi na kawo shi gidana a Daura, don likita ya ce a riƙa kai shi asibiti gashin ƙashi. Bayan mai miƙar da ƙafa ya gama da shi, sai aka tura mu wani ɗan ɗaki wajen wata ma'aikaciya. Mu duk gashi muke ce wa sashen, amma ita ta ce nata aikin daban ne. Ba ta gasa kowa, koya wa mutum take yi ya koma yi wa kansa hidimar yau da kullum da abin da ciwo ya bar masa. Ɗakin ma ba ya kama da asibiti: kwanuka, buta, tabarma, riguna a rataye, faifai cike da wake. Baba ya duba ya tambaye ni ko ɓatan hanya muka yi muka faɗo ɗakin amarya.

Yarinya ce, ba ta wuce sa'ar autarmu ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta fara tambaya, ni kuma na fara amsawa kamar yadda kowa ya saba yi a kansa. Ta dakatar da ni, ta ce in bari ya faɗa da bakinsa.

“Baba, me kake so ka koma yi da kanka?”

Na zaci zai ce kasuwa, ko tafiya masallaci.

“In ci tuwo a zaure,” in ji shi.

Ta kama hannun daman ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta saki, suka koma suka dunƙule. Ba ta yi masa ƙarya ba. Ta ce za a ci gaba da motsa shi don kada ya sandare, amma kada ya zauna jiransa. Wanda ya rage shi za a koya wa aiki.

“Hagu?”

“Hagu, Baba.”

“Da shi zan yi tsarki, da shi kuma zan ci?”

“Da shi. Akwai ruwa, akwai sabulu.”

Ya ce in fitar da shi daga ɗakin, ya kuma yi kwanaki bai ce a koma ba. Abin da ya karya shi wani tsohon malami ne da ke karantar da manya a unguwarmu, wanda ya shigo dubiya. Baba ya kore mu, amma ina jinsu ta taga. Malam ya ce masa umarnin ci da dama na mai dama ne, lalura kuwa tana da hukuncinta, kuma wanda zai iya ciyar da kansa ya bar wa matarsa ludayi bai fi kowa tsoron Allah ba. Baba ya sa shi ya maimaita. Washegari tun kafin in buɗe shago ya ce in nemo mai keke napep.

Wanda bai ga dattijo mai furfura yana tsince wake ɗaya-ɗaya daga faifai zuwa kwano ba, bai san abin da ake kira haƙuri ba. Da wannan ta fara. Daga wake aka koma murɗa murfin kwalba, daga nan sa riga. Ta koya masa ya fara zura mataccen hannun, sannan kai, sannan mai lafiyar, in zai cire kuma ya bi ta baya. Mazagin wando ya gagara ɗauruwa da hannu ɗaya, sai ta ce in cire in sa roba, na kwashe wandunansa duka na yi musu. Ya ce na mai da shi ɗan firamare. A bayan gida ta sa na kafa ƙarfe a bango inda zai dafa, na ɗora bokiti mai famfo a kan bulo yadda ruwa zai zubo ba sai an riƙe buta ba, na ɗaure sabulu a cikin raga na rataye a gefe don ya goga tafinsa a jiki. Ranar da ya shiga shi kaɗai ya ja ƙofa ya rufe, na tsaya a tsakar gida kamar maigadi. Da ya fito bai dube ni ba, cewa kawai ya yi, “Kai, ba ka da aikin yi ne?” Daɗin da na ji ranar nan ban ji shi ba ko ranar da na sayi keken ɗinkina.

Tuwo ne ya ba da wuya. Ta sa ana jiƙa tsumma a shimfiɗa ƙarƙashin kwano don kada ya gudu. Hannun da bai taɓa yankar loma ba sai ya kwaso da yawa ko ya kwaso kaɗan, miyar kuka ta bi ta gwiwar hannu ta sauka a riga. Wata rana ya fusata ya yi jifa da kwanon har ya daki ƙofa. Na tashi zan ba ta haƙuri, sai na ga dariya take. Ta ce hannun da ya iya jifa haka ai loma ba za ta gagare shi ba. Ya ce mata marar kunya, ta ce ta ji, ta sake zuba masa wani.

Ita ta fara hango abin da ni ban hango ba. Ta tambaya da su wa zai ci a zauren, ta ce a kawo mata ko mutum ɗaya daga cikinsu su yi magana. Na aika wa Baffa. Ya aiko cewa tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin an je asibiti koyon cin tuwo ba, kuma ranar ta yi daidai da kasuwa. Sai ta ba Baba shawara ya fara da cokali, ko a zuba masa nasa daban ya zauna kusa da su, har ido ya saba. Ya ƙi. Ya ce tuwo da cokali sai ma'aikatan gwamnati, mai kwano shi kaɗai a zaure kuwa baƙo ne ko mai cutar da ake gudu. Ba ta matsa ba. Ta dai ce to ya riƙa wanke hannu da sabulu a gaban kowa, a tsanake, ido na gani.

A zuwanmu na ƙarshe ta ce in zo da tuwo daga gida. Ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye kwano a tsakiya, ta ce in wanke hannu in zauna. Ɗan fari ba ya cin kwano ɗaya da ubansa a wajenmu, na faɗa mata haka, ta ce yau magani ne. Muka ci, kowa kansa a ƙasa. Lomarsa tana fita a mulmule, ba ɗigo ko ɗaya. Da muka kusa gamawa ya tura mini tsokar naman gabana da yatsa. Ya yi wa yarinyar nan addu'a har sai da ta rufe fuska da mayafi.

Na mai da shi gida ana gab da shuka. Ranar da yamma ya yi wanka da kansa, ya sa farar riga da kansa, ya gyara hula, ya jefa guntun sabulu a aljihu. Bayan magariba ya dogara sanda ya fito zaure, ya hana ni riƙe shi. Dattawa suka yi ta barka, kuma na rantse murnar gaske ce. Baffa ya miƙe tsaye ya ba shi wurinsa na jikin bango, har da kakkaɓe masa tabarma. Na koma cikin samari na zauna inda zan riƙa ganinsa.

Aka ajiye kwanon farko, na gidanmu. Baba ya ce a zuba masa ruwa. Ya fito da sabulun ya matse shi a tsakanin gwiwoyinsa, ya goga tafi da bayan hannu da tsakanin yatsu, a tsanake, kamar yadda aka koya masa. Ya buɗe kwanon, ya yi bismilla, ya yanki loma da hagu, ya tsoma a miya ya kai baki. Ko mai dama bai fi haka iyawa ba. Sai dai ba wanda ya biyo shi. Kowa ya zuba wa kwanon ido. Wani tsohon maƙwabcinmu, abokin Baba tun suna kiwo, ya gyara zama ya fara miƙa hannu. A nan Baffa ya yi magana, a hankali, da murya irin ta mai tambayar lafiya.

“Yaya, wa ke yi maka tsarki yanzu?”

Baba ya ɗaga kai. Wata da watanni ya yi yana wahala don ya iya ba da wannan amsa, kuma da alfahari ya ba da ita.

“Ni nake yi da kaina.”

“Masha Allah. Da wanne?”

Maƙwabcin nan ya janye hannunsa ya goge a gwiwa, alhali bai taɓa komai ba. Wani ya ce shi fura ya sha da la'asar, cikinsa a cike yake. Baba ya fara bayanin abin da malam ya ce game da lalura, harshensa na sarƙewa kamar yadda yake yi in ransa ya ɓaci, Baffa kuma ya bar shi ya yi ta fama har ya kai ƙarshe.

“Ba a jayayya da malam,” in ji Baffa. “Halal ne a gare ka, Yaya. Ci abinka.”

Ya tura kwanon gaban Baba, ya jawo na gidansa ya buɗe wa sauran. Ba wanda ya tashi daga tabarmar, ɗan juyawa kawai kowa ya yi, sai ga Baba yana kallon bayan mutane. Kafin Baffa ya sa hannu a tuwo, ya ɗaga hannunsa na hagu ya juya bayansa wajen fitila, inda wani tsohon tabo yake, ya ce, “Ai kai ka koya mini, ina yaro.” Tun ina ƙarami nake ganin tabon nan, na ɗauka igiyar shanu ce. Daga baya Inna ta gaya mini Baffa bahago aka haife shi, aka ba yayansa aikin gyara shi, ya kuma gyara shi da bakin itace mai wuta. Na ji labarin, na fahimta, amma ko kaɗan bai rage mini tsanar da na yi wa Baffa a ranar nan ba. Yaron da aka ƙona daban, dattijon da ya zauna yana jiran yayansa ya shanye kafin ya rama daban.

Na miƙe tsaye, maganar da ke bakina da ta fita da har yau ba a gama sulhunta ta ba. Baba bai ko juyo ba.

“Kai. Zauna.”

Na zauna. Shi ma ya zauna a gaban kwanon da aka tuƙa don dattawan layi guda, da gurbin loma ɗaya a gefensa. Bai ƙara ba, bai kuma tashi ba sai da suka cinye suka yi hamdala, don bai taɓa barin zaure ana cikin ci ba. Sannan ya lalubi sandarsa ya shiga gida. Aka mai da kwanon ciki, ba wanda ya taɓa shi, da safe aka juye wa awaki.

Washegari Inna ta ajiye masa koko da ƙosai, ta shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashi yadda na nuna mata. Ya bar hannunsa a kan gwiwa. Na roƙe shi, na yi masa faɗa, na ce ya dawo Daura mu ci tare kullum, na ce a kira malam ya zo ya yi wa zauren wa'azi. Ya ce malam ya riga ya yi nasa, su ma sun yi nasu, kuma da shi ne a zaune wani ya sa hagu a kwano, abin da zai yi ya fi haka muni. Riga ya ci gaba da sawa da kansa, bayan gida ya ci gaba da shiga shi kaɗai. Abinci ne dai ya ce hannun nan ya riga ya zaɓi aikinsa.

Na koma na gaya wa ma'aikaciyar. Ta ce za ta iya zuwa ƙauyen ranar hutunta. Da na gaya wa Baba, ya ce in gode mata, in ce ta zauna ta koya wa waɗanda ke da inda za su ci. Da na kai mata saƙon, abin da ta roƙa kawai shi ne kada mu karɓe masa sauran abin da yake yi.

Inna ta koma ga ludayinta, amma sai ya riƙa kau da kai, ya sha kaɗan ya rufe baki. Ya rame har wandunan roba suka fara zamewa. Ana haka wata magariba Baffa ya yi sallama ya shigo ɗakin, ya karɓi kwanon daga hannun Inna, ya zauna a bakin katifa. Ya yanki loma da damansa, ya tsoma a miya, ya ce, “Bismilla, Yaya.” Suka kalli juna. Baba ya buɗe baki.

Daga ranar kullum sai Baffa ya shigo ya ciyar da shi kafin ya fita zaure ya buɗe wa dattawa kwano. Bai taɓa fashi ba, ko ranar kasuwa, ko ana ruwa. Haka aka yi har Baba ya rasu bayan damina ta sake zagayowa.

A zaman makoki duk wanda ya zo gaisuwa da Baffa yake farawa. A kama hannunsa a ce irin wannan zumunci ya yi ƙaranci a zamanin nan, mutumin da ya ciyar da yayansa a baki har ya koma ga Allah, Allah ya saka masa da aljanna. Baffa ya sunkuyar da kai ya ce ai wajibinsa ne. Ni kuma da yake ni ne babban ɗa, ni ke zaune kusa da shi, ni ke cewa amin.